Yadda ake karatun darasin Gwamnati har a ci jarrabawa: jagora ga 'yan SS3 da 'yan IJMB a Zariya

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma a ajin masu karatun adabi da zamantakewa wannan haki shi ne darasin Gwamnati. Yaro ya san sunan gwamna, yana jin labaran rediyo, ya sha tsayawa a teburin mai shayi a Tudun Wada ana tafka musun siyasa, sai ya ɗauka ai wannan darasi a aljihunsa yake. Ya tattara ƙarfinsa kan Turanci da Lissafi, ya bar Gwamnati sai jarrabawa ta rage mako biyu. Sakamako na fitowa ya ga D7. Abin da ya faru shi ne, mai duba takarda ba ra'ayin ɗalibi yake saye ba. Abu uku yake ba wa maki: ma'anar kalma daidai, shekara da adadi daidai, da dalilin da ya sa wani abu ya haifi wani.

Kafin a buɗe littafi, a san fasalin jarrabawar. A tsarin WAEC takarda biyu ce. Ta farko canki-canka ce, tambaya 50 cikin awa ɗaya. Ta biyu ta rubutu ce, awa biyu, kashi biyu: kashin farko kan tushen ilimin mulki, na biyu kan tarihin siyasa da tsarin mulkin ƙasa da hulɗa da ƙasashen waje. Ana amsa biyu daga kowane kashi, makin takardar kuma 60 ne, wato kowace tambaya tana ɗauke da 15. A JAMB tambayoyin Gwamnati 40 ne cikin 180 da za a amsa a kwamfuta cikin awa biyu. IJMB kuwa, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ke shiryawa don shiga aji biyu na jami'a kai tsaye, ta fi su duka son dogon bayani. Za mu dawo kanta.

Kayan aiki ba su da yawa. Manhajar jarrabawar a buge a takarda, domin a riƙa soke abin da aka gama da biro. Littafin karatu guda ɗaya da malaminku ya amince da shi. Tara uku ko huɗu ruɗani yake kawowa, saboda wani lokaci alƙalumansu kan saɓa. Kundin tsarin mulkin 1999, ko na takarda ko a waya. Tsofaffin tambayoyi na aƙalla shekara 10. Sai littafin rubutu biyu: ɗaya na kalmomi, ɗaya na shekaru.

Kalmomin da Hausa ke haɗewa, jarrabawa ke rabawa

Ɗalibin da ke tunani da Hausa yana rubutu da Turanci yana da wata matsala ta musamman a nan. A bakinmu "mulki" da "iko" suna ɗaukar ma'anoni da yawa, manhaja kuwa ta yanka su gida huɗu. Ƙarfi shi ne iya tilasta wa mutum ya yi abin da ba ya so. Ɗan fashin da ya tare hanya da bindiga yana da shi. Hurumi shi ne ikon da doka ta bayar. Ɗan sandan da ya ɗaga maka hannu a shataletalen PZ da shi yake tsayar da kai, ko da ba ya riƙe da komai. Halacci shi ne jama'a su yarda cewa mai mulkin ya cancanci a bi shi. Diyauci kuma shi ne ƙololuwar iko a ƙasa, wanda babu wani a samansa. Sojan da ya yi juyin mulki da asuba yana da ƙarfi tun kafin rana ta fito, halaccin ne yake fafutukar nema daga baya, shi ya sa yake alƙawarin zaɓe.

A littafin kalmomi, raba shafi gida uku. Hagu ka rubuta kalmar da Turanci kamar yadda take a manhaja, tsakiya ma'anarta da Turanci a layi biyu, dama kuma misali daga garinku da Hausa. Misalin nan na dama shi ke riƙe ma'anar a ka ranar da haddar ta gudu. Kalma biyar a rana ta isa.

Akwai kalma ɗaya da ke kayar da ɗalibai kowace shekara: "state". A kashin farko na takarda ba jiha take nufi ba. Ƙasa take nufi, mai iyaka, da jama'a, da gwamnati, da diyauci. Wanda aka tambaya siffofinta ya kama zancen Jihar Kaduna da gwamna da kwamishinoni ya zubar da maki 15 gaba ɗaya. Haka nan a bambance ƙasa da gwamnati: gwamnati tana zuwa ta tafi, ƙasa tana nan.

Sunaye ƙalilan ne ake buƙata a wannan kashi, kuma kowane a liƙa shi da abinsa: Montesquieu da raba iko tsakanin majalisa da ɓangaren zartarwa da na shari'a, A. V. Dicey da bin doka da oda, Jean Bodin da diyauci.

Kundayen zamanin Turawa: a karanta su a matsayin sarƙa

Nan ne mafi yawan maki suke, nan ne kuma ake fi yin hadda marar amfani. Ɗalibi zai rera Clifford, Richards, Macpherson, Lyttleton kamar karatun allo, amma a tambaye shi me ya kashe na uku sai ya yi zuru. Dabarar ita ce a yi wa kowane kundi tambaya uku: wane ciwo ya zo warkarwa, wane sabon abu ya kawo, wane ciwon ya bari. Ciwon da ya bari shi ne ya haifi na bayansa.

Bayan Gwamna Lugga ya haɗe Kudu da Arewa a 1914, kundin Clifford na 1922 ya kawo zaɓe a karon farko, amma kujera huɗu kacal: uku a Legas, ɗaya a Kalaba, kuma sai namiji mai samun fam 100 a shekara ke jefa ƙuri'a. Ƙaramin abu ne, sai dai shi ya buɗe ƙofar jam'iyya, domin a 1923 Herbert Macaulay ya kafa NNDP don neman kujerun Legas. Arewa ba ta cikin majalisar. Gwamna ne ke yi mata doka da sanarwa. Wannan gibin ne kundin Richards na 1946 ya zo cikewa: ya zaunar da Arewa da Kudu a majalisa ɗaya, ya kuma ba kowane yanki majalisarsa. A kula da wani tarko na canki-canka a nan. A ƙarƙashin Richards Arewa ce kaɗai ke da majalisar sarakuna. Yamma sai a kundin Macpherson na 1951 ta samu. Laifin Richards shi ne bai shawarci kowa ba, har jam'iyyar NCNC ta zaga ƙasa ta tara kuɗi ta tura tawaga Landan a 1947 don kai ƙara.

Saboda haka Macpherson ya bi ta ɗaya hanyar: shawara tun daga ƙauye, zuwa gunduma, zuwa lardi, zuwa yanki, har babban taron Ibadan na 1950. Ɗan Zariya bai kamata ya manta wannan taro ba. Sarkin Zazzau Ja'afaru ne ya tsaya a wurin, Sarkin Katsina ya mara masa baya, cewa in ba a ba Arewa rabin kujerun majalisar tsakiya ba, to ta gwammace a koma yadda ake kafin 1914. Aka ba ta. Cikin zaɓaɓɓun wakilai 136, Arewa 68, Gabas 34, Yamma 34. Ministoci 'yan ƙasa 12 ne, huɗu daga kowane yanki, kuma a nan ɓarakar take: kowane minista biyayyarsa tana ga yankin da ya turo shi, ba shi kuma da cikakken iko a kan ma'aikata. Da Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman a ba ƙasar mulkin kai a 1956, a zaman majalisa na 1953, Sardauna ya nemi a sauya shekarar da "da zarar hali ya yi", sai zaman ya watse, aka yi wa wakilan Arewa ihu a titunan Legas, rikicin Kano ya biyo baya a watan Mayu. Turawa suka gane ba za a riƙe yankunan nan a dunƙule ba. Taron Landan na 1953 da na Legas na 1954 suka haifi kundin Lyttleton, wanda ya kafa tsarin tarayya sosai: aka raba iko tsakanin tsakiya da yankuna, kowane yanki ya sami firimiya, aka cire Legas daga Yamma. Gabas da Yamma suka karɓi mulkin kai a 1957, Arewa a 1959.

Wanda ya iya ba da wannan labari da bakinsa, daga farko zuwa ƙarshe, ba tare da duba littafi ba, ya riga ya mallaki amsar tambayoyi masu yawa ko ta wace fuska aka juyo su. Gwada shi a kan ƙanenka ko abokin karatunka. Inda ka yi tuntuɓe, nan za ka koma.

Bambancin 1960 da 1963 gajere ne, amma ana yawan tambayarsa. A 1960 Sarauniyar Ingila ce shugabar ƙasa, Gwamna-Janar ke wakiltarta, kuma ƙarar ƙarshe Landan ake kai ta. A 1963 Najeriya ta zama jamhuriya, Azikiwe ya zama shugaban ƙasa na jeka-na-yi-ka, Kotun Ƙoli ta zama ta ƙarshe. A duka biyun Abubakar Tafawa Ɓalewa ne shugaban gwamnati. Shugaban ƙasa daban, shugaban gwamnati daban: wannan shi ne tambarin tsarin firaminista. Sai a kundin 1979 aka haɗe muƙaman biyu a hannun mutum ɗaya.

Ƙirƙirar jihohi kuwa layi ɗaya ne a littafin shekaru: 12 a 1967, 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, 36 a 1996. A ɗaura shi da gida don ya zauna: lardunan Zariya da Katsina ne suka zama Jihar Arewa ta Tsakiya a 1967, aka sauya mata suna zuwa Kaduna a 1976, aka cire Katsina a 1987.

Kundin 1999: a buɗe shi da hannu

Yawancin ɗalibai suna gama sakandare ba su taɓa ganin kundin da suke rubutu a kansa ba. Ba a ce a karance shi duka ba. Sassa ƙalilan ne ke yawo a tambayoyi, a sa musu alama da jan biro: sashe na 4, 5 da 6 kan ikon majalisa da zartarwa da shari'a, na 7 kan ƙananan hukumomi, na 9 kan gyaran kundin, na 14(3) kan raba daidai a muƙamai, na 33 zuwa 46 kan haƙƙoƙin ɗan Adam, na 58 kan sa hannu a ƙudurin doka, na 69 kan kiranye, na 134 kan zaɓen shugaban ƙasa, na 143 da 188 kan tsigewa, na 305 kan dokar ta-ɓaci, na 308 kan rigar kariya. Ɗalibin da ya ambaci lambar sashe daidai a amsarsa ya bambanta kansa da sauran takardun da ke gaban mai dubawa. Wanda ba shi da tabbacin lambar kuwa ya bar ta, ya ce "kundin 1999 ya tanadi". Lamba ta kuskure ta fi rashinta muni.

Alƙaluman da dole a riƙe: sanatoci 109, uku daga kowace jiha da ɗaya daga Abuja, 'yan majalisar wakilai 360, ƙananan hukumomi 774, 23 daga ciki a Jihar Kaduna. Majalisar jiha ba ta gaza mutum 24 ba ta wuce 40; ta Kaduna 34 ce. Tun gyaran 2018, shekarun tsayawa takarar shugaban ƙasa sun sauko daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25. Tsohon littafin da aka gada daga yaya zai ba ka tsofaffin alƙaluma, don haka duba shekarar bugu. Haka ma a gyaran 2023 an ciro jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali daga jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, aka mai da su jerin da jihohi ma ke da hannu.

Tsigewa ta fi saurin zama a ka idan aka karanta ta da tarihin jiharmu. Alhaji Balarabe Musa ya ci gwamna a PRP a 1979, amma NPN ce ke da rinjaye a majalisa. Ta ƙi amincewa da sunayen kwamishinoninsa, ya yi mulki ba majalisar zartarwa, a watan Yunin 1981 kuma ta tsige shi, gwamna na farko da aka yi wa haka a Najeriya. Mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. Misali guda, amma yana amsa tambayoyi uku: sa-ido tsakanin ɓangarorin gwamnati, illar tsarin shugaba mai cikakken iko idan jam'iyyu sun saɓa, da matsalolin jamhuriya ta biyu. A wancan kundin na 1979 kakakin majalisa ne ke naɗa kwamitin bincike. A na 1999 an ɗauke wannan daga hannunsa. Matakan yanzu ga su: kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa su sa hannu a takardar zargi, kashi biyu cikin uku su amince a bincika, babban jojin jiha ya naɗa mutum bakwai, su kawo rahoto cikin wata uku, in sun tabbatar da laifi, kashi biyu cikin uku su amince da rahoton. Yi lissafin da majalisar Kaduna: mutum 12 ke fara maganar, 23 ke ƙare ta.

Sharaɗin cin zaɓen shugaban ƙasa ma yana da labarinsa. Ban da rinjayen ƙuri'u, sai ɗan takara ya sami kwata na ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu cikin uku na jihohi. A 1979 jihohi 19 ne, 19 kuwa ba ta rabuwa uku. Shagari ya sami kwata a jihohi 12, a Kano ya sami kusan kashi 20 cikin 100. Awolowo ya kai ƙara yana cewa sai 13. Kotun Ƙoli ta ce 12 da biyu bisa uku ne, Shagari ya cika. Yau da jihohi suke 36 lissafin ya zama 24.

Tafiyar ƙudurin doka a riƙe ta a jere: karatu na farko, karatu na biyu inda ake muhawara, kwamiti da jin ra'ayin jama'a, rahoto, karatu na uku, sai ɗaya majalisar, sai teburin shugaban ƙasa. Yana da kwana 30. In ya ƙi, kowace majalisa ta sake zartarwa da kashi biyu cikin uku, ya zama doka ba da hannunsa ba, kamar yadda aka yi da dokar kafa hukumar raya yankin Neja-Delta, NDDC, a 2000. Hanya mafi sauƙi ta ganin wannan a aikace ita ce kallon zaman majalisa a talabijin na rabin awa, da biro a hannu, ana rubuta matakin da ake kai. Ɗan mazaɓar Zariya, Tajudeen Abbas, shi aka zaɓa kakakin majalisar wakilai a watan Yunin 2023, don haka ayyukan kakaki ba baƙon abu ba ne a garin nan.

Sarauta: inda sanin gida ke taimako, da inda yake cuta

Tambayar mulkin Hausa da Fulani kafin zuwan Turawa kyauta ce ga wanda ya tashi yana ganin hawan Sallah a ƙofar fada. Sarki, hakimi, dagaci, mai unguwa, alƙali, haraji da jangali, duk ya san su. Sai dai akwai haɗari. Mai dubawa yana riƙe da jerin amsoshi na ƙasa baki ɗaya: Waziri babban mashawarci, Galadima mai kula da birni, Madawaki shugaban mayaƙa, Ma'aji mai baitulmali, Sarkin Fada shugaban ma'aikatan fada, Yari mai gidan kaso. Fara ba shi wannan jeri yadda yake. Bayan haka ne za ka ƙara da abin Zazzau a matsayin misali, kamar juyawar sarauta tsakanin gidaje huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Wanda ya cika shafi da tarihin gidajen nan ya manta da ayyukan Waziri ya burge kansa ne kawai.

Daga nan ake ɗaura mulkin Turawa ta hannun sarakuna. Ya yi nasara a Arewa domin Lugga ya tarar da haraji da kotu da hakimai suna aiki, sai ya ɗora Razdan da Di'o a kai ya kira abin En'e. A ƙasar Yarbawa ya yi rabin nasara, domin Alafin, sarkin Oyo, ba shi da wuƙa da nama. Oyo Mesi, masu naɗin sarki su bakwai ƙarƙashin Bashorun, suna iya raba shi da gadon. A ƙasar Ibo babu sarakunan da za a ɗora a kansu, aka ƙirƙiro na takarda, abin ya ƙare da boren matan Aba a 1929. Faransa kuwa ta fara da ƙoƙarin mai da 'yan Afirka Faransawa a garuruwa huɗu na Senegal, daga baya ta sassauta.

Jam'iyyu a haɗa kowace da shekara da jagora da tushenta: NCNC 1944, NEPU 1950, AG da NPC a matsayin jam'iyyu 1951. Zariya tana ko'ina a wannan babi. Dokta R. A. B. Dikko na Wusasa yana cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta zama NPC. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a nan ta fara fita a 1939, misali a hannu idan an tambayi rawar jaridu wajen farkar da jama'a. Hajiya Gambo Sawaba, wadda babban asibitin Ƙofar Gayan ke ɗauke da sunanta, an sha ɗaure ta kan gwagwarmayar NEPU, kuma matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba sai 1979.

Ayyukan ƙaramar hukuma a karance su a kasuwar Sabon Gari da tashar mota: kuɗin rumfa, kwashe shara, maƙabarta, rajistar haihuwa da aure, sa wa tituna suna. Gyaran 1976 ne ya mai da ita mataki na uku na gwamnati da tsari iri ɗaya a duk ƙasa, hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya zaɓenta ba INEC ba, kuma a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ta kasonta kai tsaye.

Hulɗa da waje ba ta buƙatar fiye da mako guda. Majalisar Ɗinkin Duniya 1945, Najeriya ta shiga a Oktoban 1960. OAU 1963, ta koma AU a 2002. OPEC Najeriya ta shiga a 1971. ECOWAS 1975 a Legas, Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice a Janairun 2025. Kowace ƙungiya a san manufarta, rassanta, nasara uku, matsala uku.

Rubuta amsa

Sanin wurin bugu shi ne ƙira. Tambaya mai maki 15 galibi hujja biyar take nema, kowace maki uku, kuma wanda ya ambaci hujja tsirara ba bayani ɗaya yake samu cikin ukun. Kalmar da ta buɗe tambayar ita ke faɗin zurfin da ake so: "list" ko "state" jerawa ce, "explain" ko "discuss" sai da bayani.

Ɗauki tambayar dalilan da suka sa Najeriya ta rungumi tsarin tarayya. Mai gaggawa zai rubuta "yawan ƙabilu" ya wuce. Mai neman maki uku zai yi jimla uku: hujjar, yadda take aiki, da misali. Wato, Najeriya tana da ƙabilu fiye da 250 masu harshe da al'ada daban-daban. Tsarin tarayya yana barin kowane yanki ya tafiyar da abin da ya shafe shi ba tare da tsoron danniya ba. Rikicin 1953 ya nuna ba za a iya mulkinsu daga wuri ɗaya ba. Haka za a yi wa sauran huɗun, kowace a sakin layinta da lambarta: faɗin ƙasa, tsoron da ƙananan ƙabilu ke yi wa manya, gadon yankunan da Turawa suka bari, da kusanto da gwamnati ga jama'a. Doguwar shimfiɗa ba ta da maki. Layi biyu na ma'anar tarayya, sai a shiga aiki.

Kurakuran da suka fi cin maki sanannu ne. Maimaita hujja ɗaya da kaya daban, kamar a rubuta cin hanci a lamba ta ɗaya, almundahana a ta uku. Mai dubawa ɗaya zai ƙirga. Amsa siffofi alhali amfani aka tambaya. Zagin wata jam'iyya ko yabon wani ɗan siyasa. Da amsa uku daga kashi ɗaya, wanda ke jawo a yi watsi da ta ukun duk kyawunta.

Awa biyun a raba ta haka: minti 10 na karanta dukan tambayoyi da zaɓe, ana rubuta kan hujjoji biyar a gefe kafin a fara, minti 25 ga kowace tambaya, minti 10 na bita. Tambayar da ba ka iya samo mata hujja huɗu a minti ɗaya ba, ba taka ba ce.

A canki-canka, kalmomin "except" da "not" su ne ramin. Ja layi a ƙarƙashinsu, ko ka karanta tambayar sau biyu in a kwamfuta ne. A JAMB kowace tambaya daƙiƙa 40 ce a matsakaici, Gwamnati kuwa ba ta da lissafi, don haka gama 40 ɗinta cikin minti 18 ka ajiye rarar ga Turanci.

Ɗan IJMB zai yi duk wannan, ya ƙara kwatance. Ba ya isa a ce Najeriya ta aro tsarin 1979 daga Amurka. Sai a nuna inda suka rabu. Can wakilan zaɓe 538 ne ke fitar da shugaba, mai 270 ya ci. Nan ƙuri'ar jama'a ce kai tsaye da sharaɗin yaɗuwa a jihohi. Can sanata biyu ne a kowace jiha, nan uku. Ingila ba ta da kundi guda a rubuce, majalisa ce ke da ƙololuwar iko. Nan kundin ne a sama da majalisa, kotu na iya soke dokar da ta saɓa masa. Amsar IJMB tana son fuska biyu na magana, sannan ɗalibi ya faɗi wadda ya ga ta fi ƙarfi da dalilinsa.

Game da lokaci, mako 12 sun isa in an fara tun sanyin Janairu, tunda JAMB kan riga WAEC, NECO ta biyo baya. Mako uku na kalmomi da tsare-tsaren mulki, huɗu na tarihi daga sarauta zuwa 1999, biyu na kundin yanzu da ƙaramar hukuma da aikin gwamnati, ɗaya na waje, biyu na tsofaffin tambayoyi zalla. Minti 45 bayan sallar Asuba sun fi awa uku na dare ana gyangyaɗi. Ranar Asabar ku haɗu ku huɗu ko biyar, kada ku wuce haka don kada ta koma hira. Kowa ya amsa tambaya ɗaya a rubuce cikin minti 25 da agogo a gaba, ku yi musayar takardu, kowa ya maka wa ɗan'uwansa maki hujja-hujja: ɗaya in ya ambata kawai, uku in ya bayyana da misali. Duk tambayar da aka kasa amsawa a tsofaffin takardu a rubuta ta a bayan littafin shekaru tare da amsarta daidai, wannan shafin ne za a duba a daren jarrabawa.